Ƙofar Motar Alhaji Maikuɗi

"Wanda ya fi ƙarfi za ka ba ni," in ji Dodo, yana ɗaga injunan ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kankana.

Bature, mai sayar da kayan aiki a kasuwar Gummi, ya dube shi. "Aikin mi za ka yi da shi?"

"Ɗan ƙarzuwa ne a ƙofar mota. Kaɗan."

"To sanfefa ta ishe ka. Mai kaushi guda, mai laushi biyu, ka jiƙa da ruwa ka bi a hankali. In inji kake so, ga ƙaramin nan na goge fenti. Wanga da ka riƙe na yankan rodi ne."

Amma Dodo manomin shinkafa ne, kuma a saninsa babbar garma ita ke gama aiki da wuri. Ya rungumi na yankan rodin, ya haɗa da gwangwanin jan fenti na fesawa, ya hau babur.

Motar ba tasa ba ce. Golf ce ja ta Alhaji Maikuɗi, yayan matarsa Tabawa, wanda ya bar masa ajiyarta da zai tafi Umara, da gargaɗin ko kaza kada ta hau kanta. Dodo ya kai ta fadama ɗaukar shinkafa, amalanken shanu ya ja mata layi a ƙofa. Alhaji kuwa jibi zai sauka. Akwai Hezekiah mai gyaran jikin mota, sai dai garejinsa na kallon shagon Alhaji, kuma a layin nan ko atishawa ka yi sai ta riga ka isa gida.

A tsakar gida ya tayar da janaretan maƙwabci, ya yi bisimilla, ya ɗora faifan injin a kan ƙofar. Injin ya yi kururuwa, tartsatsi ya tashi, akuya ta tsinke igiya. Kafin ya lalubo makashin, layin ya ɓace, fentin ya ɓace, ƙarfen ma ya bi su.

Tabawa ta zagaya ɗaya gefen, ta buɗe motar, ta sunkuya.

"Malam, ina hango ka ta cikin ƙofar."

Dodo ya zauna a kan turmi, gumi na bin gemunsa. Shekara ashirin yana surukuta da Alhaji ba a taɓa jin kansu ba, yau ga rami ya isa shigar hannu. Tabawa ta yafa mayafi ta tafi wurin ƙawarta Regina, matar Hezekiah.

Bayan la'asar Hezekiah ya shigo ta ƙofar baya da kayan aikinsa. Ya daɗe yana duban ramin.

"Malam Dodo, dama kuna da gaba da motar ne?"

"Rufa mini asiri, Hezekiah."

Kwana biyu yana aiki. Ya liƙe ramin da walda, ya shafa fila mai cike lotsawa, sannan ya naɗe 'yar sanfefa a guntun katako yana gogawa da hannu, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Dodo ne mai riƙon bokitin ruwa. Da ya miƙa jan fentin da ya sayo, Hezekiah ya ce ya ajiye shi don ƙofar makewayi. Da aka gama, Dodo ya sake roƙon kada maganar ta fita.

"Ni ban ma san hanyar gidan nan ba," in ji Hezekiah.

Alhaji ya iso da dabino da zamzam. Ko gaisuwa ba a gama ba idonsa ya sauka a kan ƙofar, tana walƙiya a jikin motar da rana ta koɗar.

"Dodo, mi ya sami ƙofar ga?"

"Ɗan ƙarzuwa ne, Alhaji. Na gyara."

"Kai? Da hannunka?"

Dodo ya gyaɗa kai. Alhaji ya shafa ƙofar, ya leƙa fuskarsa a ciki, ya gyara hula.

"Ikon Allah! Ashe da gwani a gida nake kai wa Hezekiah aiki." Ya damƙa masa makullin. "Riƙe ta, ka yi mini sauran ƙofofi ukun haka. Gobe zan zo da kujera in ga yadda kake yi."