Kukan Fanka

Tun da bidiyon nan ya fara yawo a wayoyi, mai aski bai ƙara kunna fankar shagonsa ba. Kwana uku ke nan mutane na zufa suna mita, shi kuwa yana ta rantsuwa wai ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Sai dai tana da wani kuka, ƙii-ƙii-ƙwas, wanda duk mai zama kujerarsa ya haddace.

Shi ya ɗauki bidiyon. Ran Litinin da hantsi 'yan sanda uku suka tare wani direban tasi a ƙofar shagon, biyu suka yi ta jibgarsa da kulki har ya daina motsi. Mai aski ya laɓe bayan labule ya ɗauka, ya tura wa ƙanwarsa ita kaɗai. Ita kuwa ko gaisuwa ba ta iya riƙewa, balle wannan. Kafin yamma duniya ta gani. Fuskarsa ba ta fito ba, amma kukan fankar ya fito raɗau, kuma an ce 'yan sanda na bin shaguna suna neman mai wayar.

Ran Alhamis sai ga wani kofur ya shigo, ya cire hula, ya zauna. Mai aski ya gane shi nan take: shi ne na ukun, wanda ya tsaya gefe yana kallo.

"Rage mini sumar nan," in ji kofur.

"To, ranka ya daɗe."

Mai aski ya yafa masa ƙyalle. Kofur ya zaro waya ya kunna bidiyon, ihun direba ya cika shagon, ƙii-ƙii-ƙwas na bin sa a baya.

"Ka ga wannan?"

"Ni ban cika kallon waya ba, yallaɓai."

"An dakatar da abokan aikina biyu. Oga ya ce ko a rami mai ɗaukar yake sai an zaƙulo shi." Ya share goshi. "Kai, zafin nan zai kashe mutum. Kunna mana fanka."

"Ta lalace, yallaɓai."

Kofur ya miƙa hannu ya danna makunnin da ke jikin bango.

Ƙii-ƙii-ƙwas. Ƙii-ƙii-ƙwas.

Mai aski ya tuno matarsa, da tsohon cikinta, da wanda zai je ya gaya mata.

Kofur ya daɗe yana kallonsa ta madubi. Can ya kashe fankar, ya tura wayar aljihu.

"Direban nan ya rasu jiya a asibiti," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ina tsaye, ban ce uffan ba. Gobe oga zai bi layin nan da kansa. Ka sa wa fankarka mai."