Kawu Usmanu da Harami a Bakin Teku

Shekara da shekaru Raliya tana Madina ba ta taɓa ganin teku ba, alhali mijinta, wato ni Lurwanu, direba ne. Ga takardar zamanta ta ƙare, mako mai zuwa za ta koma Katsina ta bar ni. Na rantse ba za ta hau jirgi ba sai ta tsoma ƙafa a tekun garin Yanbu.

Na ari motar maigidana ta yini guda. Kawunta Usmanu, da ya zo ziyara, ya ce da shi za a je. Wa zai hana suruki?

A Bi'ir Ali, inda masu Umra ke ɗaukar harami, na tsaya kowa ya yi alwala. Sai ga Kawu ya fito cikin fararen mayafai, kai ba hula, yana ta Labbaika. A saninsa, duk motar da ta tsaya nan Makka ta nufa.

"Kawu, har ka yi niyya?"

"Na yi mana, ɗana. Ba a hanyar Makka Yanbun take ba?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wanda ya yi niyyar Umra ba ya kwance harami sai ya kai Makka. Raliya ta sunkuyar da kai ta ce, "Halas, shi ke nan, mu kai shi Makka. Ganin teku ba rabona ba ne."

Na ce, "In ji wa? Harami ya hana turare da aski, bai hana kallon ruwa ba. Yalla, ku shiga!"

Haka muka zaga Yanbu da Kawu riƙe da lema. Muka ga tsofaffin gidaje masu tagogin katako, muka kalli jiragen masunta, muka ci gasasshen kifi a kasuwa. Mai kifin ya dube shi ya ce, "Ya Hajj, ka ɓata hanya?" Kawu ya ci gaba da tsotsar ƙaya. Na riga na yanke: da la'asar mu bi gaɓar teku har Makka. Faɗan maigida kuwa, na san yadda zan shanye shi.

A bakin ruwa Raliya ta tuɓe takalmi ta shiga har idon sawu. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta yi dariya. Can ta juyo.

"Lurwanu, ta ina gida yake?"

Na nuna mata yamma, ƙetaren ruwan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kama hannuna ta ce, "Ashe da nisa."