Biron Kirya

Akwai kuskure a aikin da Maliki yake yi a safiyar nan, amma ba a jikin katakon yake ba, shi ya sa bai gan shi ba.

Injin yana juya guntun katakon, shi kuma ya kafa cizal a hankali, ɓawo ja yana zuba a kan yatsunsa. Kafinta ne a Jikwoyi, shekara biyu ke nan da ya koyi sassaƙa biro da ragowar itace. Wannan guntun kuwa daga taɓaryar marigayiya mahaifiyarsa ya yanko shi. Kirya ce, mai taurin tsiya. Biyu sun riga sun tsage masa a wurin huda ramin bututu, wannan ne na ƙarshe.

Ƙarfe goma sha biyu 'yarsa Nabilah za ta zauna jarrabawar shiga jami'a. Bara maki kaɗan ya hana ta. Shi a aji shida na firamare ya tsaya, ba shi da abin da zai koya mata, don haka ya ƙudurta cewa ko ba komai, da aikin hannunsa za ta rubuta amsa.

Wuta ta ɗauke.

"Inna lillahi! Philip!"

Philip mai walda, maƙwabcinsa, ya leƙo ta kan katanga. "Oga Maliki, yarinya zai yi latti fa! Biro nawa ne a shago?"

"Miƙo wayar janareto, ka bar surutu."

Maliki ya goge katakon da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ya dangwala kakin zuma injin yana gudu, har katakon ya ɗau zafi ya soma sheƙi. Ya danna bakin biron a mazauninsa yana riƙe da numfashi. Bai tsage ba. Ya ja layi a bayan hannunsa, tawada ta fito sumul.

Matarsa Mashkura tana tsaye a ƙofar shago, tana danne dariyar da bai gane dalilinta ba. "Malam, ku tafi haka. Allah ya ba da sa'a."

A cikin mota sau uku yana tambayar Nabilah ko ta ɗauko takardarta ta shiga jarrabawa. Ita kuwa sai jujjuya biron take yi tana shinshinawa.

"Baba, wallahi ya yi kyau. Kamar na minista."

A bakin ƙofar wurin jarrabawa, mai gadi ya duba takardarta, ya nuna hannunta. "Wannan ba zai shiga ba. Ba biro, ba agogo, ba waya."

"Yallaɓai, jarrabawa fa za ta rubuta," in ji Maliki.

"A kwamfuta ake yi, Baba," in ji mai gadin. "Dannawa kawai."

Maliki ya kalli biron. Bara yana aikin rufi a Kado, uwarta ce ta rako ta. Ya juya ya dubi 'yarsa, sai ya ga ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Kin sani?"

"Na sani, Baba. Mama ma ta sani."

"Kuka bar ni kwana biyar ina fama da kirya?"

"Da mun faɗa maka, ni za ka tasa a gaba. Kin karanta? Kin ci abinci? Kanki ba ya ciwo? Kwana biyar ɗin nan ne na samu na yi karatu a natse."

Mai gadin ya fashe da dariya. Maliki ya so ya ɓata rai, abin ya gagara, shi ma ya bushe da dariya har da share ido.

Ta damƙa masa biron, ta naɗe yatsunsa a kai. "Riƙe min. Nawa ne, kada ka ba kowa aro. Da shi zan sa hannu ranar rajista."

Ta shige da sauri, ba ta waiwayo ba.

Ya sami gefen benci a inuwa, cikin iyayen da ke jira, ya soke biron a aljihun gaba inda kowa zai gani. Sakamako sai bayan kwanaki. Ko makin zai kai a bana, Maliki bai sani ba.