Tambaya ta Uku

"Uku kacal?" Direba ya ɗaga takardar ya juya bayanta, ko sauran suna can. "Baba, ina ragowar?"

"Babu ragowa," in ji Mai Taswira. "Ajiye wa sabuwar zuwa a gabanta."

Tela tana zaune a kujerarta ta kusa da taga, inda take zama duk Asabar shekara tara ke nan, sai ta kalli takardar, ta kalli tsohon.

Wasan nasu ba wani abin a zo a gani ba ne. Teburin cin abinci ne, da taswirar wata ƙasa da babu ita a duniya, wadda tsohon ya zana bayan ya yi ritaya daga ofishin safiyo, sai 'ya'yan ludo biyu a cikin kofi. Shi ke jan labari. Kowane ɗan wasa yana da mutuminsa a ciki, ya faɗi abin da mutumin zai yi, a jefa 'ya'yan ludo a ga ko ya dace. Wahalar tana wurin shiga. Kafin sabon zuwa ya samu mutuminsa, sai ya amsa tambaya arba'in, kuma tsohon yakan ja su har Asabar uku: sunan kakar mutumin, abin da yake tsoro, wace ƙafa ke masa ciwo idan hadari ya haɗo. Mai kemis ya taɓa zuwa da zumuɗinsa, a tambaya ta sha ɗaya ya ce zai je ya duba shago, har yau yana dubawa. In an yi ƙorafi, amsar tsohon ɗaya ce: shi ba ya haihuwar mutum da gaggawa.

To yau ga shi da tambaya uku a rabin takarda, rubutun ma ya karkace. Tela kaɗai ta san dalili. Ita ke zaune a ƙasan ɗakinsa, kuma cikin wata biyu sau uku tana rage masa ƙugun wando. A na ukun ya tsaya a bakin shagonta yana haki, ya ce kada ta ɓata lokaci wajen kyautata kalmasar ɗinkin, ya faɗa mata abin da likita ya ce, sannan ya ce amana ce.

Wadda aka yi wa takardar kuwa 'yarsa ce, ita kaɗai Allah ya ba shi. Ba ta taɓa zama a teburin nan ba. Tana ƙarama, Asabar ita ce ranar da ake ce mata ta rage surutu Baba yana da baƙi. Tun rasuwar mahaifiyarta sau biyu take zuwa a shekara, ta kawo magani, ta wanke firji, ta juya. Wannan karon sai da ya kira ta sau uku kafin ta yarda za ta zauna, kuma ta faɗa tun daga ƙofa cewa tasi zai zo ɗaukarta ƙarfe biyar. Ga ta nan, jaka a cinya, kamar mai jiran layi a asibiti.

"Ni dai ban yarda ba," in ji Direba. "Ni da na sha arba'in cif? Har launin akuyar maƙwabcinmu sai da na faɗa!"

"Gaskiya ba tsari," Ticha ya sa baki, shi da ba ya barin gardama ta wuce shi. "Mutum mai tambaya uku ai kwali ne. Iska kaɗan ya faɗi. Ko ashirin ne a yi mata."

Suka dinga yi, ɗaya na saki ɗaya na kamawa. Tela ta kalli agogon bango: biyar saura kwata. Ta kalli tsohon. Shayinsa ya huce bai taɓa ba, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ɗin ya ƙi shiga, kuma duk maganar da zai yi sai ya tsaya a tsakiya ya ɗebo numfashi. Littafinsa na labari yana buɗe kusa da gwiwar hannunsa. Mutumin da kan rubuta abin da zai faru wata guda gaba, shafin bayan na yau fari ne tas. Haushi ya kama ta, na waɗannan ƙattin biyu da suke kare dokar mutum alhali mutumin na zaune yana narkewa a gabansu.

"Don Allah ku yi mana shiru," ta ce. "Teburinku ne?"

Suka juyo suna kallonta, don ba su saba jin ta haka ba.

"Mamana," in ji tsohon, da sunan da yake kiran 'yar tun tana goye. "Ta farko. Wace ce ke, mene ne aikinki?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Mai kai saƙo. Ta kai, ta juya."

"Madalla. Rubuta." Ya jira ta rubuta. "Ta biyu. Me kike ɗauke da shi wanda ko za a yanka ki ba za ki bayar ba?"

Ta juya fensirin a hannu, ta leƙa taswirar, karon farko.

"Mabuɗi," ta ce. "Amma ba ta san ko ƙofar tana nan ba har yanzu."

"Kai!" in ji Ticha. "Ashe jinin ne."

'Yar ta yi murmushi ba ta shirya ba, ta sauke jakar ƙasa.

"Ta uku. Kina amsawa kin shiga, ga ki a ƙofar gari." Ya numfasa. "Wa kika baro a gida, kuma me kike so ki faɗa masa?"

Fanka tana ta juyawa a sama. 'Yar ta sunkuyar da kai, bakin fensirin yana kan layin, bai motsa ba. A ƙasa, kan titi, mota ta yi hon sau biyu.

"Wannan ba ta tsaye ba ce, Baba," ta ce a hankali. "Bari in tafi da ita a kaina. Zan dawo Asabar mai zuwa in ba ka amsa."

"Yanzu dai, Mamana. Ko kalma ɗaya."

"Haba Baba! Kai ne fa ba ka haihuwar mutum da gaggawa. Tun ina bayan ƙofar can nake jin ka."

Direba ya buga tebur yana dariya. "Ta kama ka! Wallahi ta kama ka!"

Tela ta buɗe baki. Tsohon ya dube ta, ya girgiza kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura. Shekara nawa yarinyar nan ba ta taɓa cewa za ta dawo don kanta ba, kuma ba ya so ta dawo don tsoro. Tela ta gane, ta kuma ji kamar ta shaƙe shi. Ta haɗiye maganar.

"To, Allah ya kai mu," in ji shi, yana murmushi.

Ranar Laraba da hantsi Tela tana kan keken ɗinki ta ji wani abu ya faɗi a sama ya gangara. Ta ɗaga ƙafa daga keken tana jiran ƙarar jan kujera, wadda ta saba ji in ya sunkuya ɗaukar abu. Ba ta ji ba. Ta hau benen da zare a wuya, ta same shi a kujerarsa, kansa a kan taswira, kofin a ƙasa.

Ran Asabar masu ta'aziyya sun ragu. Direba da Ticha suka zo da yamma, ƙafa ce kawai ta kawo su, suka zauna a wurarensu ba mai kallon wani. Can 'yar ta fito daga ɗakin mahaifinta, idanu a kumbure, ta tsaya kan Tela.

"Anti, kin sani?"

"Na sani."

'Yar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ja kujera, ta zaro rabin takardar daga cikin littafin, ta yi rubutu a layi na uku. Layin bai ishe ta ba, ta juya baya ta ci gaba, Direba yana share fuska da hularsa. Da ta gama ta tura takardar zuwa kan tebur, gaban kujerar da ba kowa, ta naɗe hannu tana jira. Iskar fanka tana ɗaga gefen takardar tana sakewa.