Awon Rufin Ɗakin Karatu

Tun da tsofaffin ɗalibai suka farfaɗo da ƙungiyarsu, shugaban kwalejin horar da malamai ya rasa sukuni. Shekara da shekaru ko gaisuwa ba su aiko ba, yanzu kuwa kowace Asabar sai ga su, suna leƙa azuzuwa suna ɗaukar hoton rufin da ke yoyo.

Ya ce wa mataimakiyarsa, "Ruwa ba ya tsami banza. Kujerata suke nema wa wani."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ko dai kujerun ɗalibai? Rabinsu ƙafa uku gare su."

Ko murmushi bai yi ba. Da ya hango jagoransu, wani dogo mai furfura da ake kira Gajere, ya nufi ɗakin karatu da igiyar awo, sai ya bi sawunsa ya laɓe bayan kantar littattafai.

Ya ji Gajere yana gaya wa wata abokiyar karatunsa, "Nan ruwa ya jiƙa mini littafi ana gobe jarrabawa. Da nan za mu fara."

Ta ce, "Shugaban fa?"

"A bi shi a hankali, mutumin kirki ne."

Shugaban ya koma ofis yana juya maganar. Me ya sa za a bi shi a hankali? In nan ne farko, ina ne ƙarshe?

Ya amince a gyara rufin, amma ranar da kafintoci suka zo, shi ya buɗe musu da kansa, ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofa har suka tashi.