Takalma Bakwai a Bayan Rumbu

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara, Ya'u, manomi a wani ƙauye kusa da Birnin Tsaba, ya samo ɗan kwikwiyo don gadin awaki, ya sa masa suna Duna. Bai yarda da duka ba, don ya taɓa ganin karen da aka hora da tsumagiya, tsoro kawai ya koya. Sai ya mai da wani tsohon silifa abin wasa. In ya kira Duna ya zo, sai ya jefa masa. In ya ɗauko ya kawo, su yi ta ja, ya sosa masa wuya. Cikin wata biyu Duna ya san zauna, ya san dawo.

Ana nan sai takalma suka fara ɓata a ƙofar masallacin unguwa, wari-wari. Lokacin kuwa kalmar sata ta yi nauyi a bakin kowa. Ba wanda ya fito ya faɗa, amma ido ya koma kan Ɗanbaba mai gyaran takalma, wanda ke kai kaya kasuwar Shinkafi. Wa zai amfana da wari ɗaya in ba shi ba? Mutane suka rage kai masa ɗinki. In ya shiga sahu, na kusa da shi ya waiwayi ƙofa.

Wata safiya Ya'u ya zagaya bayan rumbu, ya tarar da takalma bakwai a tare, Duna na kwance kusa yana kaɗa wutsiya, yana jiran yabo.

Kwana biyu Ya'u yana juya maganar. Karen bai yi sata ba, abin da aka koya masa ya yi. In ya faɗa, ba za a bar Duna a garin ba. In ya watsa takalman a rafi ya ɗaure karen, ɓatan zai tsaya, amma Ɗanbaba zai tsufa da sunan.

Bayan La'asar ya zazzage buhun takalman a gaban liman, Malam Jibrilu.

"Allah gafarta Malam, karena ne. Ni na koya mishi."

Liman ya ɗaga wari ɗaya, ya duba shatin haƙori. "Wanga nawa ne."

Ɗanbaba ya matso ya tsuguna. Bai yi dariya ba. "To jama'a, ga ɓarawonku mai ƙafa huɗu. Wa zai fara ba ni haƙuri?"

Liman ne ya fara, sauran suka bi. Sannan liman ya ce takalman a wanke su, kare kuwa kada Juma'a ta same shi a unguwar.

Ran Alhamis Ya'u ya kai Duna rugar wani makiyayi, Mahmuda, tafiyar rabin yini. Ya gaya masa yadda ake kiransa, ya roƙe shi kada ya buge shi. Da ya juya zai tafi, Duna ya taso. Ya'u ya ce, "Zauna." Ya zauna.