Rubutun Fensir a Kyamarar Misis Maltby

Shekara uku na yi a gidan gwanjon Mista Cawkwell da ke Horncastle kafin Tamsin ta zo. Tarihi na karanta a jami'a, amma aikina a ɗakin baya yake: in auna kaya, in duba lamba, in rubuta bayani. Tamsin kuwa wata takwas kawai ta yi, har ta san sunan karen kowane mai saye. Ni take kira Malama Shiru, shi kuma Mista Cawkwell ta ce masa Oga Tsoho, ya yi murmushi. Da ni na faɗa, da sai ya cire tabarau ya dube ni.

A farkon bazara ya gaya mana gwiwoyinsa sun gaji, zai sauka daga sashen kyamarori da kayan sojan sama, kuma ɗayarmu zai damƙa wa. Ni na san sashen nan kamar ɗakin kwanana. Tamsin daga wajen azurfa da kwanukan tangaran ta fito, inda ba a ɗaukar hoton cokali sai an goge shi yana ƙyalli. Duk da haka da ya faɗi maganar, ita ya kalla.

Talata ce ranar ƙiyasi, ranar da mutane ke kwaso abin da suka tsinta a ɗakin shirgi su ji ko yana da daraja. Wata tsohuwa, Misis Maltby, ta turo keken cefane da wani abu lulluɓe da bargo. Kyamarar jirgin leƙen asiri ce ta Yaƙin Duniya na Biyu, mai launin toka, da nauyi kamar yaro ɗan shekara uku. Ta ce mahaifinta yana cikin masu ɗaura kyamarori a cikin jirage kafin su tashi, bayan yaƙi ya zo da wannan gida, ita kuma ba ta taɓa tambayarsa ta wace hanya ba. Yanzu za ta koma ƙaramin gida, babu wurin ajiye ta.

Ni na rungumi kyamarar zuwa ɗakin baya. Kafin in dawo Tamsin ta haɗa wa tsohuwar shayi da madara da biskit biyu, tsohuwar ta riƙe hannunta tana ba ta labarin mahaifinta. Ni kuwa ta gode mini da ɗaukar kaya, ta tambaya ko ban ji ciwon baya ba.

Irin waɗannan kyamarori dubbai aka ƙera. Wadda ba ta da labari ba ta wuce fam ɗari biyu ko uku, don ba mai ɗaukar hoto da ita, kuma tana cin wuri. Abin da masu tara su ke bi shi ne fenti na asali, da lambobin sassa da suka dace da juna, sannan uwa uba shaidar da ta ɗaure kyamarar da wani jirgi da wata rana. Wannan tana da ita. Tun ina ɗauke da ita na gani a gefen akwatin fim, ƙarƙashin ƙura: rubutu da fensir mai maiƙo, rawaya, irin wanda ma'aikatan filin jirgi ke yi da sauri. Haruffan shaidar jirgin a hagu, kwanan wata da lambar tafiyar da ya yi a dama. Da haruffan da kwanan watan mutum zai je ma'ajiyar takardun soja ya nemo matuƙin da inda ya je, farashi kuma ya ninka sau goma.

Mista Cawkwell ya ce kowaccenmu ta rubuta ƙiyasinta daban, ta ba shi ranar Alhamis. Bai ce gwaji ne ba, ba wadda ta tambaya.

Da yamma ina teburina Tamsin ta shigo da tsumma da kwalbar ruwan goge ƙarfe.

"Malama Shiru, wannan abu kamar daga kabari aka tono shi," in ji ta. "Bari in wanke masa fuska kafin hoto, kada Oga Tsoho ya ce mu ƙazamai ne."

Ta fara da murfin gilashin kyamarar, ta bi ta saman, tana ba ni labarin wani saurayinta da ya kai ta cin kifi da dankali ya manta jakar kuɗinsa. Ina kallon tsumman yana gangarowa gefen akwatin fim. Ni mai kunya ce, kowa ya sani, magana takan tsaya mini a maƙogwaro. Amma a ranar ba tsaya mini ta yi ba, riƙe ta na yi. Ina tuna hannun tsohuwar a kan nata. Tsumman ya bi ta dama sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ya yi rawaya. Sai da ya doshi haruffan na ce ta tsaya.

Da na gaya mata abin da ta goge, ta dubi rawayan da ke jikin tsumman. Na zaci za ta roƙe ni in rufa mata asiri, har na fara jin daɗin roƙon tun kafin ya zo. Sai ta fita da tsumman a hannu ta kira Mista Cawkwell.

Ya zo yana dafa bango, ya karkata fitila, ya daɗe a sunkuye da madubinsa mai ƙara girman abu. Ko alama ba ta rage ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce haruffan jirgi ba kwanan wata ba su da yawan amfani, don jirage da dama sun ɗauki haruffa iri ɗaya, wani ya faɗi a ba wani. Ya yi ajiyar zuciya ya ce da ma wani ya karanta.

"Sha huɗu ga Maris, 1944," na ce. "Bakwai ɗin farkon lambar tafiyar ma tana da gicciye a tsakiya."

Na faɗe shi ne don ya ga wadda ke da ido a gidan nan. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Yaushe kika karanta, Bryony?"

Na ce da safe. Ya tambaya ina nake lokacin da Tamsin ke gogewa. Na nuna teburina, taku uku daga wurin. Ya gyaɗa kai, ya ce abin da ma'aikaciyar gidan gwanjo ta haddace ba shaida ba ce a wurin mai saye, ya mayar da tabarau ya fita. Tamsin ta naɗe tsumman ta ajiye. Ban tabbata a lokacin ta gane ina gani na ƙyale ta ba.

Ranar Laraba ta tuƙa mota har ƙauyen Misis Maltby ta gaya mata abin da ta yi. Ta dawo idanu jajur, da kwalbar zuma da tsohuwar ta ba ta. Ranar Alhamis na miƙa shafi huɗu, da lambar kowane sashe da gwanjo shida na baya don kwatanci. Nata rabin shafi ne, lambar gilashin ma ta rubuta ta ba daidai ba. Dukanmu fam ɗari huɗu muka sa.

Ranar Juma'a ya kira mu ofis ya ce Tamsin za ta riƙe sashen daga Satumba, ni kuma in ci gaba da rubuta bayanan kayan, don ba wanda ya kai ni. Tamsin ta rungume ni, ta ce ba ta san komai ba, sai na koya mata. Na ce to.

Yanzu kafin ta taɓa ko dunƙulen waya sai ta leƙo ɗakin baya ta tambaye ni, kuma ina gaya mata gaskiya. Ta daina ce mini Malama Shiru, Bryony take cewa, da ladabi. Idan wayar sashen ta yi ƙara ina jin ta ta bango tana faɗin sunanta da muƙaminta, sannan ta maimaita wa mai saye abin da na gaya mata da safe, ya yi ta yaba mata.